Ido Kaɗai Ba Ya Raba Jirage A Sararin Sama

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi faɗin sararin sama, da wuya ya yarda cewa jirage biyu za su rasa wurin wucewa har su yi karo da juna. Amma abin yana aukuwa, kuma mafi yawansa tsakanin ƙananan jirage ne, da rana tsaka, gari garau, kusa da filayen jiragen sama. Daga cikin irin waɗannan haɗurra akwai wanda ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, watau karo tsakanin ƙaramin jirgin sama irin na masu zaman kansu da jirgi mai saukar ungulu, wanda ake kira helikwafta. A duk lokacin da aka yi irin wannan haɗari, tambayar da jama'a ke fara yi ita ce, shin matuƙan ba su da ido ne? Binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam ya nuna cewa idon ɗan Adam yana da iyaka, kuma hukumar da ta bar jirage iri biyu suna bin hanya ɗaya, a tsayi ɗaya, ta ce kowa ya kula da kansa, tana da babban kaso a cikin alhakin rayukan da aka rasa.

Dalilin da ke haɗa jiragen nan biyu wuri ɗaya a fili yake. Manyan jiragen fasinja suna tafiya can sama, ƙafa 30,000 ko fiye, ma'aikatan hasumiya suna bin sawunsu da na'urar hangen jirage, watau rada, tun daga tashi har sauka, kuma suna ɗauke da na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan wani jirgi ya kusanto. Ƙaramin jirgi da helikwafta kuwa ƙasa ƙasa suke bi, sau da yawa a inda babu ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin raba su. Ƙa'idar da suke tafiya a kanta ita ce ta gani da kaucewa, watau kowane matuƙi ya buɗe ido, in ya hangi wani jirgi ya ba shi hanya. Bugu da ƙari, tafiyarsu ba iri ɗaya ba ce. Ƙaramin jirgi ya fi gudu, kuma ba shi da ikon tsayawa a sama. Helikwafta na iya tsayawa cik, yana iya tashi daga bakin kogi ko harabar asibiti ko kan bene, ya ɓullo ta inda matuƙin ƙaramin jirgi bai yi zato ba.

To, wannan ƙa'ida ta gani da kaucewa tana da rauni wanda masana suka daɗe da sani. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, watau FAA, ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hangi wani abu, ya gane jirgi ne, ya fahimci cewa kansa ya nufo, ya yanke shawara, ya juya, har jirginsa ya amsa, ana bukatar sakan 12.5. Alal misali, idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne yana gudun mil 120 a awa, to, a minti ɗaya suna cinye mil 4 na tazarar da ke tsakaninsu, a cikin sakan 12.5 kuwa sun cinye fiye da kashi 4 cikin 5 na mil guda. Daga irin wannan nisa, ƙaramin jirgi ɗigo ne kawai a jikin gilashi. Abin da ya fi wannan muni shi ne, jirgin da zai yi karo da wani ba ya motsi a idon matuƙi. Yana nan wuri ɗaya a jikin gilashin, yana ƙara girma a hankali, sai a sakan na ƙarshe ya cika ido. Ido kuwa an halicce shi ne ya fi saurin kama abin da ke motsi.

Har wa yau, ƙirar jirgin kanta tana tare wa matuƙi gani. Jirgin da fukafukansa ke ƙasan gangar jiki, matuƙinsa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa ta gefe. Wanda fukafukansa ke sama kuma ba ya ganin abin da ke bisa kansa. Hancin jirgi yana rufe abin da ke gaba ta ƙasa, matuƙin helikwafta kuwa ba ya ganin bayansa. Saboda haka jirage biyu na iya kusantar juna na tsawon lokaci, kowanne yana cikin inuwar da ɗayan ba ya gani, alhali matuƙan duka biyu suna aikinsu yadda aka koya musu.

Haɗarin da ya fi fito da wannan magana sarari shi ne wanda ya auku a kan Kogin Hudson, tsakanin birnin New York da Jihar New Jersey, ran Asabar 8 ga watan Agusta, 2009. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper ya tashi daga filin jirgin sama na Teterboro ɗauke da mutum uku 'yan gida ɗaya, za su garin Ocean City. Bayan 'yan mintoci wani helikwafta ya tashi daga bakin kogin ta ɓangaren Manhattan, ɗauke da matuƙi da 'yan yawon buɗe ido biyar daga ƙasar Italiya, waɗanda suka biya kuɗi don a zaga da su su ga birni daga sama. Da misalin ƙarfe 11:53 na safe, a tsayin kimanin ƙafa 1,100, jiragen biyu suka yi karo, suka faɗa cikin kogi a gaban idon mutanen da ke shaƙatawa a gaɓa. Duka mutum taran suka rasu. Babu hadari, babu hazo, kuma ba a sami wata ɓarna a injin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, watau NTSB, ta kammala rahotonta a 2010, ta kuma ambaci manyan dalilai biyu. Na farko shi ne raunin ƙa'idar gani da kaucewa, domin a idon matuƙin ƙaramin jirgin, helikwaftan ɗan abu ne marar motsi da ya saje da dogayen gine-ginen birni, har sai da lokacin kaucewa ya ƙure. Na biyu kuwa ya shafi hasumiyar Teterboro. Ma'aikacin da ke kula da ƙaramin jirgin yana kan wayar tarho yana hirar da ba ta shafi aiki ba, hirar raha a kan mushen wata kyanwa da aka tsinta a filin jirgin. Ya umurci matuƙin ya koma zangon rediyon hasumiyar Newark mai lamba 127.85, matuƙin ya maimaita 127.87, ma'aikacin bai ji kuskuren ba balle ya gyara. A daidai wannan lokaci ma'aikacin Newark ya hangi cunkoson jirage a gaban ƙaramin jirgin, ya nemi a karkatar da shi, amma da aka kira matuƙin sai shiru, ya riga ya bar zangon Teterboro, bai kuwa isa na Newark ba. Shugaban da ya kamata ya sa ido a kan ma'aikatan hasumiyar a wannan lokaci ya fita biyan wata bukata tasa.

Da a nan rahoton ya tsaya, da an ce laifin mutum ɗaya ne ko biyu, a hukunta su a huta. Amma hukumar ta ci gaba ta nuna cewa dokokin FAA ba su raba tsayin da kowane irin jirgi zai bi a kan kogin ba. Hanya ce wadda faɗinta bai kai mil ɗaya ba, an bar ta ga ƙananan jirage da helikwaftoci daga saman ruwa har zuwa ƙafa 1,100, masu wucewa da masu zagaya duk a cuɗe. Kamfanin helikwaftan yana da tsarinsa na cewa matuƙansa kada su wuce ƙafa 1,000, amma tsari ne na kamfani, matuƙin ƙaramin jirgi daga wata jiha ba lalle ne ya san da shi ba, kuma ranar nan helikwaftan ya haura. Jiragen biyu suna da na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa, amma hukumar ta ce matuƙan ba su amfana da ita yadda ya kamata ba.

Ran 19 ga watan Nuwamba, 2009, wata uku da 'yan kwanaki bayan haɗarin, sababbin dokoki suka fara aiki. Jiragen da ke wucewa su bi tsakanin ƙafa 1,000 da 1,300, masu zagaya a wurin su tsaya ƙasa da ƙafa 1,000. Mai zuwa kudu ya bi gaɓar yamma, mai zuwa arewa ya bi gaɓar gabas. Kada a wuce gudun kimanin mil 160 a awa, a kunna fitilu, kowane matuƙi ya riƙa faɗin inda yake a zangon rediyo guda wanda kowa ke saurare, kuma ya riƙe taswirar wurin. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ke bukatar sabon ilmi ko maƙudan kuɗi. Duk abubuwa ne da za a iya rubutawa shekara goma kafin haɗarin.

Wani haɗarin kuma ya nuna cewa ko da matuƙa suna kallon juna ƙuru ƙuru, kusantar ƙaramin jirgi da helikwafta ganganci ne. Ran 4 ga watan Afrilu, 1991, Sanata John Heinz na Jihar Pennsylvania yana cikin wani ƙaramin jirgi a kan hanyarsa ta zuwa birnin Philadelphia, sai matuƙan suka ga fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta sauko ta kulle ba ta kama ba. Suka wuce ta gaban hasumiya, aka gaya musu ga alama tayar ta sauko. Matuƙan wani helikwafta da ke kusa suka ce za su matso su duba musu. Garin dubawa farfelar helikwaftan ta sari cikin ƙaramin jirgin, tarkace da wuta suka zubo a harabar wata makarantar firamare a unguwar Merion, yara suna wasa a waje. Mutum biyar da ke cikin jiragen biyu suka rasu, har da Sanatan, ga kuma yara mata biyu 'yan makaranta. Masu bincike suka ce matuƙan ɓangarorin biyu sun yi rashin tunani, domin makullin tayar ba abu ne da ake iya gani daga waje ba, watau dubawar ba ta da wani amfani tun farko. Niyyar taimako ce, amma babu horo a kan irin wannan tafiya ta kusa da kusa, babu kuma wanda ya ce a bari.

Ba a Amurka kaɗai abin yake ba. Ran 17 ga watan Nuwamba, 2017, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna da wani ƙaramin helikwafta suka yi karo kusa da ƙauyen Waddesdon a Ingila, mutum huɗu suka rasu. Daga fili ɗaya suka tashi, kuma dukansu suna aikin koyar da tuƙi ne. Ƙaramin jirgin yana saukowa ta sama da bayan helikwaftan, kowanne a inda ɗayan ba ya gani, kuma ba su da na'urorin da za su sanar da su kusantar juna. A 2020 Gwamnatin Biritaniya ta fito da shirin mayar wa matuƙan ƙananan jirage rabin kuɗin irin wannan na'ura, har zuwa fam 250. A Jamus, ran 23 ga watan Janairu, 2018, helikwaftan ceton marasa lafiya da ƙaramin jirgi suka yi karo kusa da garin Philippsburg, mutum huɗu suka rasu. A tsibirin Mallorca na ƙasar Sipaniya, ran 25 ga watan Agusta, 2019, irin wannan karo ya hallaka mutum bakwai, har da yara biyu.

Abin takaici a tarihin nan shi ne yadda doka ke zuwa a bayan jana'iza. Ran 18 ga watan Yuni, 1986, jirgin 'yan yawon buɗe ido da helikwafta suka yi karo a kan babban kwarin nan na Grand Canyon a Jihar Arizona, mutum 25 suka rasu, sai a 1987 aka kafa dokokin da suka tsara zirga-zirgar jirage a wurin. Na Kogin Hudson an riga an ji yadda ya kasance. Mafi girma a 'yan shekarun nan shi ne na ran 29 ga watan Janairu, 2025, lokacin da jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a kan Kogin Potomac kusa da filin jirgin sama na Reagan a birnin Washington, mutum 67 suka rasu. Ko da yake wannan jirgin fasinja ne, ciwon iri ɗaya ne. Hanyar helikwaftoci ta ratsa ta ƙarƙashin hanyar jiragen da ke sauka, tazarar da ke tsakani tana iya zama ƙafa 75 kacal ko da kowa ya bi ƙa'ida. Da masu bincike suka duba bayanan da ke ajiye, suka tarar daga watan Oktoba, 2021 zuwa Disamba, 2024 jiragen fasinja da helikwaftoci sun kusanci juna sau 15,214 a wurin, 85 daga ciki kuwa kusanta ce ta ƙwarai. Alƙaluman suna nan a ofis tun kafin haɗarin. A watan Maris, 2025 aka rufe wannan yanki na hanyar.

Idan ƙasashen da suke da kayan aiki da yawan ma'aikata sun faɗa cikin wannan, to, hukumomin Nijeriya suna da dalilin shafa wa gemunsu ruwa. Helikwaftoci suna kai da kawo kullum tsakanin Fatakwal da Warri da rijiyoyin mai. A lokacin yaƙin neman zaɓe, ƙananan jirage da helikwaftocin 'yan siyasa sukan taru gari ɗaya a rana ɗaya, wasu su sauka a filin wasa ko filin makaranta. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ɗalibanta suna shawagi da ƙananan jirage ba nisa da Kaduna, inda mayaƙan sama ke nasu horon. Ga kuma hazon hunturu, wanda daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu yakan rufe gari har a fasa tashin jirage a Kano da Maiduguri. Ƙa'idar da ta gaza a New York cikin rana garau, babu mai hankalin da zai dogara da ita kaɗai cikin hazo.

Saboda haka wajibi ne hukumar kula da jiragen sama na farar hula, watau NCAA, da hukumar kula da sararin samaniya, watau NAMA, su tabbata cewa a duk inda ƙananan jirage da helikwaftoci ke haɗuwa akwai rubutacciyar doka da ta ba kowanne tsayinsa da hanyarsa, a buga ta a taswira, baƙon matuƙi ya san ta kamar yadda ɗan gida ya sani. Tsarin da wani kamfani ya yi wa matuƙansa ba ya ɗaure matuƙin wani kamfani. Na biyu, a tilasta wa kowane jirgi, komai ƙanƙantarsa, ya ɗauki na'urar da ke shelar inda yake, tare da wadda ke karɓar shelar wasu. Amurka ta wajabta ta aikawar, wadda ake kira ADS-B, a wurare masu cunkoso tun ran 1 ga watan Janairu, 2020, amma dokar ta wannan shekara ba ta wajabta ta karɓa ba, shela kuwa ba ta da amfani ga matuƙin da ba shi da abin jin ta. Dokar nan ta shafi jiragen soja da na 'yan sanda idan sun shigo hanyar farar hula, domin karo ba ya tambayar mai jirgi.

Na uku, a ba matuƙa da ma'aikatan hasumiya hanyar kai rahoton duk wata kusanta da aka tsallake rijiya da baya, ba tare da tsoron kora ko rage girma ba. A Amurka hukumar NASA ce ke karɓar irin waɗannan rahotanni tun 1976, an kuwa zaɓe ta ne don ba ita ke hukunta matuƙa ba. Dokar ƙasa da ƙasa ta binciken haɗarin jirgin sama ma ta ce manufar bincike ita ce hana aukuwar wani, neman mai laifi aikin kotu ne. Amma darasin Washington ya nuna cewa tara rahoto rabin aiki ne. Tilas a sami jami'in da aikinsa shi ne ya karanta su, ya ga inda suka yawaita, ya kuma sami ikon sa a sake hanya kafin a rasa rai. Wannan nauyi ya rataya a wuyan hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, watau NSIB, tare da sauran hukumomin biyu.

Akwai kuma darasin da ya shafi kowane ma'aikacin Gwamnati, ko da bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ma'aikacin Teterboro bai tashi da safe da nufin cutar kowa ba. Hira ce irin wadda ake yi a ofisoshi kullum, shugabansa ma fita ce ya yi irin wadda ake yi a dawo ba wanda ya tanka. Sau dubu ana yi ana wanyewa lafiya, shi ya sa ake ganin ba komai ba ne. Ranar da ta ɓaci, bambancin lamba ɗaya da ba a saurara ba ya shiga cikin dalilan mutuwar mutum tara. Mai ba da magani a asibiti, da mai ba jirgin ƙasa hannu, da akawun da takardar gargaɗi ta kwana a teburinsa, duk a irin kujerar nan suke zaune. Su kuma ɗaliban da ke shirin zama matuƙa ko ma'aikatan hasumiya, su riƙe cewa maimaita umurni da sauraron maimaitawar shi ne ainihin aikin, komai yawan yadda aka saba da shi.

Ajali idan ya zo babu makawa, wannan kowa ya sani. Amma raba hanyar jirage, da sa na'ura, da zama a bakin aiki, abubuwa ne da aka bar wa mutane a hannunsu, kuma za a tambaye su a kai. Dokokin da aka rubuta wa Kogin Hudson a cikin wata uku suna nan a buɗe ga duk hukumar da ke son karantawa. Abin da ya rage shi ne hukumomin ƙasar nan su ɗauki taswira, su nemo wuraren da ƙananan jirage da helikwaftoci ke ratsa juna, su raba su tun yanzu da kowa ke saukowa lafiya.